Yadda Ake Yankan Asiransi Ga Tsohuwar Motar Da Aka Sauya Wa Inji

A Damagaram har yanzu akwai gidajen da idan mutum ya leƙa bayan katanga zai tarar da Peugeot 404 ko 504 a lulluɓe da tamfol, ko kuma Land Cruiser irin ta da, wadda ta san hanyar Tanut da Agadas tun kafin a haifi wanda yake tuƙa ta a yau. Abin da ya riƙe yawancin waɗannan motoci a kan titi shi ne hannun makanikan garin nan, waɗanda idan inji ya gaji suke sauke shi su ɗora wani. An ga 504 mai shan esansi da aka mayar ta gazuwal, an ga Land Rover da ke tafiya da injin Toyota, an ga tsohuwar Land Cruiser da aka cire wa injin esansi na 2F saboda shan mai aka saka mata injin gazuwal na 1HZ. Aikin yakan yi kyau, motar kuma takan farfaɗo, amma kusan kowa yakan manta da takardu. Ƙarfe ya sauya, takarda tana nan yadda take, sai ya zama asiransin da mai motar yake biya kowace shekara, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya suke kira inshora, an yanke shi ne a kan motar da ta daina wanzuwa tun ranar da aka ɗaga tsohon injin.

Ni kaina na yi shekara biyu ina yawo da 504 ɗin da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, bayan an saka mata injin gazuwal na Toyota, alhali takardar kat giriz, wato ta rajistar mota, da ta asiransi duka suna cewa esansi take sha. Babu ɗan sanda ko jandarman da ya taɓa sa ni in ɗaga murfin inji a shingen hanya, domin kwanan wata da lambar mota suke dubawa, don haka na ɗauka komai daidai yake. Wani ma'aikacin asiransi ne ya ji ƙarar motar lokacin da na tsaya a ƙofar ofishinsu, ya dubi takardar da ke hannunsa, ya ce mini, "Malam, wannan kukan ba na esansi ba ne." Abin da ya bayyana mini a ranar, da abin da na bi na karanta daga baya, su nake son in shimfiɗa a nan domin mai irin wannan mota ya gyara takardunsa tun yana cikin kwanciyar hankali.

Abin da doka ta ɗora wa mai mota

Nijar tana cikin ƙasashe 14 da suka haɗu a ƙarƙashin CIMA, ƙungiyar da ke tsara harkar asiransi a waɗannan ƙasashe, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa ta a Yawunde a 1992, kundin dokokinta kuma ya fara aiki a 1995. Kundi ɗaya ne yake aiki a Zinder da Yamai da Kwatano da Dakar. Aya ta 200 ta wajabta wa kowane mai mota ya yanki asiransin da zai biya ɓarnar da motarsa ta yi wa wasu, a jikinsu ko a dukiyarsu, kuma fasinjojin da ke cikin motar, har da iyalan mai ita, suna cikin waɗanda ake biya. Wannan asiransi na dole ba ya biyan raunin direban da ke riƙe da sitiyari, ba ya kuma biyan gyaran motar kanta. Duk abin da ya shafi gobara ko sata ko lalacewar motar, ƙari ne da mutum yake nema da kansa ya biya kuɗinsa dabam.

Ayar da ta fi shafar mai sauya inji ita ce ta 12. Ta ɗora wa mai asiransi nauyin ya amsa tambayoyin kamfani da gaskiya lokacin da ake ƙulla yarjejeniya, sannan idan wani sabon abu ya faru daga baya wanda ya ƙara haɗari ko ya sa amsoshin farko suka daina zama daidai, ya sanar da kamfanin a rubuce cikin kwana 15 daga ranar da ya san da shi. Sauya inji yana shiga nan kai tsaye, domin irin man da mota take sha da ƙarfin injinta suna cikin abubuwan da aka tambaya tun farko, kuma da su aka lissafa kuɗin da ake biya.

Hukuncin rashin sanarwa iri biyu ne, kuma bambancinsu yana kan niyya. Idan aka tabbatar mutum ya ɓoye ne da gangan domin ya rage wa kansa kuɗi, aya ta 18 ta ce yarjejeniyar ta ɓaci tun daga tushe, ko da abin da aka ɓoye ba shi ne ya jawo haɗarin ba, kuɗin da aka riga aka biya kuma sun zama na kamfani. Mai motar ya koma matsayin wanda bai taɓa yankan asiransi ba. Idan kuwa mantuwa ce ko rashin sani, aya ta 19 ce take aiki: in an gano kafin wani abu ya faru, kamfani yana iya ƙara kuɗi ko ya soke yarjejeniyar bayan sanarwa, in kuma sai bayan haɗari aka gano, ana rage diyya gwargwadon giɓin da ke tsakanin abin da aka biya da abin da ya kamata a biya. A matsayin misali kawai, mu ce mutum ya biya jika 40 a shekara alhali da an san ainihin injin da jika 50 zai biya, sai motarsa ta ƙone, asarar ta kai miliyan 2 na sefa. Abin da zai karɓa shi ne kashi huɗu cikin biyar, wato miliyan 1 da jika 600. Idan kuma wani aka buge, aya ta 210 ta hana a rage wa wanda aka buge haƙƙinsa saboda wannan kuskure, don haka kamfani zai biya shi cikakke sannan ya juyo kan mai motar yana neman a mayar masa da abin da bai kamata ya ɗauka ba. A haɗarin da aka yi rauni mai tsanani ko aka rasa rai, wannan bashi yana iya fin kuɗin motar nesa ba kusa ba.

Kafin a kwance ƙusa ta farko

Wanda bai riga ya sauya injin ba yana da sa'a, domin zai iya bin abin daki-daki. Ya fara zuwa ofishin da ya yanki asiransinsa ya faɗa musu injin da yake shirin ɗorawa, ya ji ko za su ci gaba da shi da kuma nawa kuɗin zai koma, tun kafin ya zuba dukiyarsa a aikin. Daga nan sai batun asalin injin. Ko ɗan Kwatano ne, ko daga Kano aka kawo shi, ko daga wata motar da ta mutu a nan garin aka cire shi, dole a karɓi rasit mai ɗauke da sunan mai sayarwa da kwanan wata da irin injin da lambar da aka buga a jikinsa, idan kuma daga waje ya shigo a nemi takardar duwan. Lambar inji tana buge ne a jikin gangar injin, sau da yawa a ƙarƙashin baƙin mai da ƙura, kuma ya fi sauƙi a wanke wurin a ɗauki hotonta tun injin yana ƙasa, kafin a ɗora shi ya shige inda ido ba ya kaiwa. Injin da aka goge wa lamba kada a saya, komai arharsa da lafiyarsa, domin babu ofishin da zai rubuta shi a takarda, kuma mai shi yana iya samun kansa yana amsa tambayoyi a kan kayan sata.

Akwai wani abu da mutane kaɗan suka sani game da kwanakin da mota take gareji. Aya ta 200 ɗin nan ta ware masu gyara da masu sayar da motoci daga cikin waɗanda asiransin mai mota yake tsaya wa, domin doka ta ce su yanki nasu na sana'a. Ma'ana, idan makaniki ko yaronsa ya fita gwajin sabon inji a hanyar Mirya ya buge mai babur, takardar mai motar ba ta ɗauke wa makanikin nauyi ba. Ya kamata a tambayi maigidan gareji a fili ko yana da irin wannan asiransi, idan ba shi da shi kuwa, mai motar ya tuƙa da kansa ranar gwaji, makaniki ya zauna a gefe yana sauraren inji.

Ingancin aikin ma yana cikin batun asiransi, tunda idan abu ya faru ƙwararre zai zo ya duba. Injin gazuwal ya fi na esansi nauyi, don haka ƙafafun gaba da birki suna ɗaukar abin da ba a ƙera su dominsa ba. Land Rover ta da da 404 na farko-farko birki irin na tambur gare su a ƙafafu huɗu, kuma wanda ya ƙara wa irin wannan mota ƙarfi da nauyi ya bar birkin yadda yake ya sayi haɗari da kuɗinsa. Sai kuma wayoyi da bututun mai, inda yawancin gobarar irin waɗannan motoci take tashi: injin gazuwal yana bukatar batir mai ƙarfi da wayoyi masu kauri da bututun da ke mayar da rarar mai zuwa tanki, kuma waya ɗaya da aka ja kai tsaye daga batir ba tare da fiyus ba, ko robar mai da ta kwanta kusa da bututun hayaƙi, ta isa ta cinye mota a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni yake wuce 40 a garin nan. A sa makaniki ya rubuta abin da ya yi dalla-dalla a takarda mai hatimin garejinsa, ko da da hannu ne, a kuma ɗauki hotuna a kowane mataki.

Kat giriz ce gaba

Kamfanin asiransi yana kwafar bayanan mota ne daga takardar kat giriz, saboda haka babu amfanin gyara asiransi a bar ta da tsohon bayani. Wurare biyu ne a cikinta suke sauyawa idan an sauya inji, wato irin mai da kuma adadin dawakin haraji, abin da ake kira shebo. Wannan adadi lissafi ne na hukuma da ake amfani da shi wajen haraji da asiransi, ya kuma bambanta da ainihin ƙarfin da injin yake fitarwa; a takardun Faransa, 404 mai injin 1,618 cc dawaki 9 ce, 504 mai injin 1,971 cc kuma 11. Aya ta 212 ta ce kuɗin asiransi na dole yana dogara ne a kan yankin da mota take yawo, da siffofinta da aikin da ake yi da ita, da kuma matsayin direbanta, kuma jadawalin kamfanoni yana raba motoci rukuni-rukuni bisa dawaki, esansi dabam gazuwal dabam. Saboda haka sauya inji yana iya ɗaga mota zuwa rukuni na sama, yana iya barin ta inda take, wani lokaci ma ya sauko da ita, kuma wanda ya ɓoye don tsoron ƙari yana iya zama yana gudun abin da babu shi.

Ofishin ma'aikatar sufuri na jiha ne yake kula da wannan gyara. A je da tsohuwar kat giriz, da rasit ɗin inji, da takardar duwan idan akwai, da takardar makaniki, da katin shaidar ɗan ƙasa, a kuma je da motar kanta domin a ga lambar shasi da ta inji da ido. A karɓi rasit na duk kuɗin da aka biya, a kuma riƙe takardar wucin gadin da aka bayar har sabuwar ta fito. Bayan haka sai a kai motar bizit teknik, wato duba lafiyar mota da hukuma take yi, da sabon injinta, domin takardar bizit da aka samu da tsohon inji ba ta shaidi komai a kan motar da ake tuƙawa yanzu ba. Tunda kwana 15 ɗin da doka ta bayar ba sa jiran fitowar sabuwar kat giriz, wasiƙar sanar da kamfani tana tafiya ne da zarar an gama aikin, sauran takardu su biyo baya.

Wasiƙar ba ta bukatar tsawo. A rubuta ta da Faransanci, a sa lambar yarjejeniya da lambar mota da lambar shasi, a faɗi ranar da aka gama aikin, da irin tsohon inji da irin sabo, da girmansa da man da yake sha da lambarsa, sannan a lissafa duk wani abin da aka taɓa tare da shi, kamar akwatin giya, ko turbo, ko birki, ko ƙarin tankin mai irin wanda masu bin hanyar Agadas suke sakawa. Doka ta yarda da wasiƙar da aka aika ta gidan waya da rajista ko wadda aka miƙa hannu da hannu aka sa hannu a kanta, don haka a yi kwafi biyu, a sa ma'aikacin ya buga hatimi da kwanan wata a kan wanda za a koma da shi gida. Magana ta fatar baki, ko da ma'aikacin abokinka ne tun makarantar allo, ba ta da nauyi ranar da fayil ya isa hannun wanda bai san ku ba. Bisa aya ta 15, kamfani yana da zaɓi biyu bayan sanarwa: ya soke yarjejeniyar ya mayar da kuɗin watannin da suka rage, ko ya faɗi sabon kuɗi. Idan an daidaita, sai a ba da takardar ƙari da ake kira abenan, kuma a cikinta ne ya kamata mai mota ya ga sunan sabon injinsa a rubuce kafin ya bar ofishin.

Batun ƙima, inda aka fi yin asara

Wanda asiransi na dole kawai yake so, aikinsa ya kusa ƙarewa a nan. Amma wanda ya kashe miliyoyi wajen inji da fenti da kujeru yana son idan motar ta ƙone ko aka sace ta ya samu abin da zai rage masa zafi, kuma a nan ne tsohuwar mota take da matsala ta musamman. Aya ta 31 ta kafa ƙa'idar cewa diyya ba ta wuce ƙimar abu a lokacin da ya salwanta. A yarjejeniya ta yau da kullum, ƙimar mota ita ce kuɗin da za ta yi a kasuwa a ranar, bayan an cire tsufa, kuma idan aka bi wannan lissafi a kan motar da ta shekara 40, abin da zai fito bai fi kuɗin ƙarfenta da yawa ba, ko da jiya aka gama yi mata aikin miliyan 3. Shi ya sa kamfanoni da dama ba sa son ba tsohuwar mota asiransin da ke biyan kowace irin lalacewa, wasu kuma sukan yarda da gobara da sata da fashewar gilashi kawai.

Mafita ita ce a nemi ƙimar da aka amince da ita tun farko, abin da ake kira baler agireye a ofisoshin. Ana ɗauko ƙwararren mai kimanta motoci, wato esper, wanda kamfanin ya yarda da shi, ya duba motar ciki da waje, ya ga rasit da hotuna, ya rubuta rahoto mai ɗauke da adadin kuɗi, sannan a shigar da wannan adadi cikin yarjejeniya a matsayin abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Mai mota ne yakan biya kuɗin esper, kuma a ganina kuɗi ne da ba a yi asararsu ba, domin rahoton yana raba gardama tun kafin ta taso. A tabbatar rahoton ya ambaci sabon injin da lambarsa, ya kuma ware ƙimarsa dabam, sannan a tambayi tsawon lokacin da kamfanin yake amincewa da rahoto kafin ya nemi a sabunta shi. Manyan ofisoshin kamfanonin ƙasar, irin su SNAR-Leyma da CAREN da NIA da SUNU, suna Yamai ne, kusan kilomita 900 daga nan, kuma wakilin da ke Zinder ba kullum yake da ikon yanke hukunci a kan yarjejeniya irin wannan ba. Idan ya ce ba a yi, a roƙe shi ya tura fayil ɗin sama a samu amsa a rubuce, a kuma gwada kamfani biyu ko uku kafin a haƙura.

Kada a rage ƙima don a rage kuɗin shekara. Aya ta 35 ta ce idan abu ya fi ƙimar da aka rubuta masa, mai shi ne yake ɗaukar rarar, asara kuma ana raba ta gwargwadon haka. Motar miliyan 4 da aka rubuta a miliyan 2, idan ta yi lalacewar miliyan 1, rabi za a biya. Kumbura ƙima ma ba ta da riba, tunda diyya ba ta wuce ainihin asara, idan kuma aka ga yaudara a ciki aya ta 33 ta ba ɗaya ɓangaren damar neman a rushe yarjejeniyar. A duba kuma adadin faranshiz, wato kason da mai mota yake ɗauka da kansa a kowane haɗari, da kuma yadda ake cire tsufa a kan kayan gyara, domin a tsohuwar mota wannan cirewa tana iya cinye mafi yawan diyya. Gilashin gaba na 404 ko na Mercedes W123 ba abu ne da ake samu a kowane shago ba, sau da yawa sai an aika Kano ko Kwatano, saboda haka ƙarin fashewar gilashi yana da amfani fiye da yadda ake zato. Haka nan ƙarin da ke biyan raunin direba, tunda waɗannan motoci ba su da jakar iska, wasu ma ko bel ba su da shi.

Wani abin lura shi ne, bayanan da ake karantawa a intanet game da asiransin motocin tarihi mai rahusa yawancinsu na Faransa ne, inda ake ba motar da ta wuce shekara 30 kat giriz ta musamman, bisa sharaɗin ba a sauya muhimman siffofinta ba. Wannan tsari nasu ne, bai kamata a shiga ofis a Zinder ana kafa hujja da shi ba. Darasin da ke cikinsa dai shi ne masu tara tsofaffin motoci suna daraja inji na asali, don haka sabon inji yana ƙara wa mota amfani a hanyoyinmu amma yana iya rage mata kuɗi a idon mai sayen tarihi. Wanda yake da wuri ya ajiye tsohon injin a inuwa, ya zuba masa mai ya toshe ƙofofinsa saboda ƙurar hunturu, maimakon ya sayar wa masu awon ƙarfe.

Aikin da ake yi da mota, da ranar biya

Gaskiyar da ake nema a kan inji ita ake nema a kan amfani. Motar da aka rubuta ta yawo da zuwa aiki tana rukuni dabam da wadda take ɗaukar kayan mai ita, dabam da wadda take ɗaukar kaya ko mutane a biya. Tsohuwar Mercedes mai ƙyalli da ake ba da haya domin ɗaukar amarya, ko 404 bashe da ke kai buhuna Kasuwar Dole a kan kuɗi, duka sun fita daga rukunin yawo, kuma idan hakan ake yi ko da jefi-jefi ne, a faɗa a rubuta. A karanta sharuɗɗan da ke hana biya, waɗanda aya ta 8 ta ce dole a buga su da haruffa masu fitowa fili. A cikinsu za a ga tuƙi ba da lasisi ba da shiga tsere, abin da ya kamata mai sabon inji mai ƙarfi ya ja kunnen samarin gidansa a kai. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da asiransi na yau da kullum ba saboda dalilin addini yana iya tambaya ko kamfanin yana da tsarin takaful, wanda CIMA ta fitar wa ƙa'idoji a 2019, amma wajibcin sanar da sauyin inji ɗaya ne a ko'ina.

Tun gyaran da aka yi wa aya ta 13 a 2011, asiransi ba ya fara aiki sai an biya kuɗinsa, don haka alkawarin "kawo sauran ƙarshen wata" ba ya tsare kowa. A biya a karɓi rasit mai sunan kamfani, sannan a zauna a gwada takardar shaida da kat giriz harafi da harafi: lambar mota, lambar shasi, dawaki, irin mai, ranar farawa da ranar ƙarewa. Asalin rahoton esper da rasit ɗin inji da wasiƙa mai hatimi a bar su a gida, kwafi kawai a sa a mota, domin idan gobara ta tashi takardun da ke cikin motar tare da ita suke tafiya.

Idan abin da ake gudu ya faru, a kira ƴan sanda a cikin gari ko jandarma a wajen gari su yi awo su rubuta, a sanar da kamfani cikin wa'adin da yarjejeniya ta sa, wanda doka ta ce ba ya gaza kwana 5 na aiki, sata kuwa awa 48. Kada a bari makaniki ya taɓa motar, kada a cire ko da ƙusa daga injin kafin esper ya gani, ko da jiran ya yi tsawo. Aya ta 28 ta ba da shekara 2 domin neman haƙƙin da ya taso daga yarjejeniya, saboda haka duk wata tunatarwa da ake yi wa kamfani a yi ta a rubuce mai kwanan wata.

Mu a nan Kano ta fi mana Yamai kusa, kuma mai tsohuwar mota ba ya rasa dalilin bin hanyar Magariya ko ta Matamaye da Daura, ko don kayan gyara kawai. Asiransi na dole yana aiki a ƙasashen CIMA, irin su Benin da Cadi da Burkina Faso, amma Najeriya ba ta cikinsu. Katin da aka saba amfani da shi wajen ƙetare wannan iyaka shi ne kart burun, tsarin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta kafa a 1982. Kafin tafiya a koma ofishin asiransi a karɓi takardar ƙetarewa, a tabbatar bayanan da ke cikinta sun dace da sabuwar kat giriz, a kuma tambaya ko ƙarin gobara da sata yana bin motar zuwa can ko yana tsayawa a iyaka.

Ranar da aka sayar da motar kuwa, aya ta 41 ta ce yarjejeniyar tana dakatawa da kanta daga ƙarfe 12 na daren kwana na biyar bayan cinikin, don haka mai sayarwa ya sanar da kamfani ranar da aka yi ciniki a rubuce, mai saye kuma ya yanki nasa kafin wa'adin ya cika. A miƙa masa fayil ɗin gaba ɗaya, da rasit ɗin inji da takardar duwan da takardar makaniki da rahoton esper, tare da tsohon injin idan an ajiye shi, domin da waɗannan takardu ne zai je ofishin sufuri ya mayar da kat giriz sunansa.